Wa ya fara auna iskar rana: Luna 2, Explorer 10 ko Mariner 2?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum, malamaina. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da iskar rana, wato fulasmar nan ta furoton da ilektiron da ke kwararowa daga jikin rana ba tsayawa. Eugene Parker ya fitar da lissafinta a 1958. Amma da aka zo kan wanda ya fara auna ta, wasu na cewa Luna 2 na Tarayyar Sobiyet a 1959, wasu Explorer 10 a 1961, wasu kuma sun dage sai Mariner 2 a 1962. Duka ukun suna ɗauke da na'urar kama furoton. Me ya hana na farkon kashe maganar?

Injiniyan Lantarki:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara duba ƙanƙantar abin da ake nema. A daidai nisan da duniya take, furoton kamar 5 ne a kowane santimita mai kusurwa shida, suna gudun kilomita 400 a daƙiƙa. Ki haɗa su, za ki samu furoton miliyan 200 suna dukan kowane murabba'in santimita a daƙiƙa ɗaya. A lantarki wannan wajen fiko-amfiya 30 ne (fiko-amfiya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na amfiya, ma'aunin kwararar lantarki). Shi kuwa hasken rana, in ya bugi tsiraran ƙarfe, yana fizgo ilektiron daga jikinsa har nano-amfiya biyu ko uku (kowane fiko-amfiya dubu ne) a murabba'in santimita, ninki ɗari kenan na abin da ake son gani. Fitar ilektiron daga farantin awo da shigar furoton cikinsa kuwa, a wurin mita duk abu ɗaya ne. Nan matsalar take.

Tarkon da Konstantin Gringauz ya ɗora wa Luna 2 faranti ne da raga biyu a gabansa. Ragar ciki an ba ta bolt 200 na ƙasa da sifili don ta mayar da ilektiron ɗin da hasken ya fizgo su koma kan farantin. Ragar waje kuma kowane tarko da nasa ƙarfin, mafi girma bolt 15 sama da sifili. Tarkuna huɗu ne. Da kumbon ya yi nisa da duniya, duk sa'ad da tarko ya fuskanci rana sai a ga lantarki, har a mai bolt 15 ɗin. Abin da hakan ya tabbatar shi ne akwai ayon, wato ƙwayoyi masu caji irin furoton, masu ƙarfin da ya haura ilektiron-bolt 15 (ƙarfin da zai iya tsallake ragar bolt 15). Furoton mai wannan ƙarfi gudunsa kilomita 54 ne kawai a daƙiƙa. Mai gudun 400 yana da ilektiron-bolt 835. Kin ga tarkon ya ce akwai kwarara, amma bai faɗi gudunta ba, alhali gudun ne zuciyar maganar Parker.

Dattijon Zaure:
Injiniya, ka faɗi gaskiya, amma kada a rage wa Gringauz haƙƙinsa. Adadin da ya ruwaito, wajen miliyan 200 a murabba'in santimita a daƙiƙa, shi ne dai wanda kai ma ka lissafo yanzu da alƙaluman zamani. Kuma Luna 2 ya je har wata a Satumban 1959, ya fita daga hurumin maganaɗisun duniya. A wurina shi ya fara taɓa iskar rana da na'ura. Wannan tarkon ne kuma ya nuna cewa fulasma mai sanyi da ke kewaye da duniya tana faɗuwa kwatsam a nisan kilomita kusan 20,000, abin da Don Carpenter ya tabbatar a 1963 ta hanyar sauraron sautin rediyo mai kama da fito da walƙiya ke haifarwa.

Malamar Kimiyya:
Baba Dattijo, ba wanda ya musa. Sai dai a tuna abin da ake jayayya a kai a lokacin. Joseph Chamberlain yana cewa abin da ke fitowa daga rana iska ce mai sanyin tafiya, kilomita kamar 20 a daƙiƙa, Parker kuma yana cewa ɗaruruwa ne. Na'urar da za ta raba gardamar dole ta auna ƙarfin furoton mataki-mataki.

Abin da Bruno Rossi da Herbert Bridge na jami'ar MIT suka yi wa Explorer 10 kenan. Kofin Faraday ne, shi ma faranti da ragogi, amma da dabara ɗaya da ta canza komai. Ɗaya daga cikin ragogin ana kunna mata bolt ana kashewa sau 1,400 a daƙiƙa. In an kunna, furoton da ƙarfinsu bai kai wannan bolt ɗin ba su koma baya. In an kashe, su wuce. Saboda haka lantarkin furoton yana rawa sau 1,400 a daƙiƙa, na hasken rana kuwa yana nan a tsaye domin ragar ba ta tare haske. Sai a sa amfilifaya mai jin wannan rawar kaɗai, ya watsar da sauran. Ana hawa da bolt ɗin daga 5 zuwa 20, 80, 250, 800, har 2,300. Matakin da rawar ta fi ƙarfi shi ke nuna inda ƙarfin furoton ɗin yake. Da haka suka samu gudun kilomita wajen 300 a daƙiƙa.

Ɗalibar Fiziks:
To Malama, ai wannan ya isa hujja. Me ya rage?

Malamar Kimiyya:
Wuri da lokaci. An harba shi ranar 25 ga Maris 1961 da batir kawai, ba faifan sola, ya yi aiki awa 52 ya mutu. Hanyarsa kuma ta bi ta gefen dare ne, gefen jelar maganaɗisun duniya, inda iskar rana ke miƙe shi baya. Mu riƙa aunawa da rabin faɗin duniya, kilomita 6,371. Daga wajen rabin-faɗi 22 zuwa sama da 40, sai aka ga abu biyu suna karɓa-karɓa: in maganaɗisu ya yi ƙarfi ya natsu, fulasma ta ɓace, in ya yi rauni ya hargitse, fulasma ta dawo. Iyakar hurumin maganaɗisun duniya ce take kaɗawa tana wuce tauraron ɗan'adam ɗin tana dawowa. Fulasmar da ya gani ta riga ta yi karo da garkuwar duniya, ta rage gudu ta ɗau zafi. Ba ita ce tsantsar iskar da ke tsakanin duniyoyi ba, kuma kwana biyu ba ya nuna cewa abu yana nan kullum.

Injiniyan Lantarki:
Mariner 2 ne ya cike wannan. Ya tashi ranar 27 ga Agusta 1962 zuwa Zahra, ya wuce ta ranar 14 ga Disamba. Na'urar Marcia Neugebauer da Conway Snyder faranti biyu ne lanƙwasassu, ɗaya cikin ɗaya, da bolt a tsakaninsu. Ayon da ya shiga, in ƙarfinsa ya yi daidai da bolt ɗin zai bi lanƙwasar ya isa kofi, in ya yi yawa ko ya gaza sai ya daki bango. Lanƙwasar ce kuma ke hana hasken rana isa kofin kai tsaye. Matakai goma ne, daga ilektiron-bolt 231 zuwa 8,224, ana zagaye su cikin minti 3.7. Bakin na'urar yana kallon rana koyaushe tunda kumbon ba ya juyawa.

Kwana 104 na bayanai suka samu, kuma duk lokacin da aka duba iskar tana nan. Gudunta yana kai-komo tsakanin 300 da 800, matsakaicinsa wajen 500. Kwararar mai sauri tana dawowa duk kwana 27, daidai da juyawar rana, kuma tana tafiya tare da hargitsin da tashoshin maganaɗisu na ƙasa ke rubutawa. Akwai ma tudu na biyu a jadawalin, a daidai ninki biyu na bolt ɗin furoton. Hiliyom ne: nauyinsa huɗu, cajinsa biyu, gudunsu ɗaya da furoton, don haka yake faɗowa a ninki biyu. Kashi 4 zuwa 5 ne cikin ɗari.

Dattijon Zaure:
Na yarda Mariner 2 ne ya rufe bakin masu musu. Ban yarda a ce shi ya fara ba. A rubuta su yadda suka zo: Luna 2 ya ga kwararar, Explorer 10 ya auna gudu, Mariner 2 ya nuna ba ta yankewa.

Ɗan Maraɗi:
Ina biye da ku tun ɗazu. Wannan batu na sanin inda na'ura ke yaudara ai da shi aka fara tun tauraron Amurka na farko. Explorer 1, ranar 31 ga Janairu 1958, yana ɗauke da bututun Geiger guda ɗaya na James Van Allen. A ƙasa-ƙasa yana ƙirga wajen 30 a daƙiƙa, abin da ake tsammani. A can sama, fiye da kilomita 2,000 a saman Kudancin Amurka, sai ya riƙa nuna sifili. Ba shi da rikoda, sai ya bi ta kan tasha ake jin ɗan guntun bayani. Explorer 3 na 26 ga Maris ya zo da ƙaramin tef da George Ludwig ya ƙera, yana naɗe zagaye guda cur ya juye shi cikin 'yan daƙiƙu. Nan aka ga tsarin: ƙirga ta hau, ta kai 128 a daƙiƙa wanda shi ne ƙarshen abin da tef ɗin ke iya ɗauka, ta faɗi sifili kamar kwata na awa, ta koma 128, sannan ta sauko.

Bututun Geiger bayan kowane bugu yana buƙatar kamar kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa ya farfaɗo. In bugu ya yi yawa ba ya samun farfaɗowa, siginar ta ƙanƙance har na'urar ƙirga ta daina ganinta. Kamar ƙofa ce da jama'a suka cunkushe a bakinta, yawansu ne ya sa ba mai fita. Carl McIlwain ya sa irin wannan bututu a gaban injin hoton ƙashi a Iowa, ya ƙara ƙarfi, ƙirga ta koma sifili. Ranar 1 ga Mayu 1958 Van Allen ya sanar da ɗamarar ƙwayoyi masu caji da ke kewaye da duniya, wadda ke ɗauke da sunansa. Sputnik 3 da ya tashi ranar 15 ga watan, mai nauyin kilo 1,327 da kayan awo da suka fi na kowa, rikodarsa ce ta ƙi aiki, sai abin da aka ji a saman ƙasar Sobiyet.

Ɗalibar Fiziks:
Na gode, Malam. To ɓangaren maganaɗisu fa? Ai shi ba ruwansa da hasken rana.

Injiniyan Lantarki:
Nasa ciwon ya fi tsanani, domin tauraron da kansa maganaɗisu ne. A arewacin Najeriya ƙarfin maganaɗisun duniya yana wajen nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 34,000. Tsakanin duniyoyi kuwa 5 ne ko 6. Rilay guda ɗaya, ko nikel ɗin da ke cikin batir, ko ƙafafun tiransisto, ko wayar da ta yi zobe a bayan faifan sola, kowanne zai iya ba da fiye da haka. Magnetomitar Mariner 2, wato na'urar auna maganaɗisu, a jikin kumbon take. Maganaɗisun kumbon ya ninka na sarari sau da yawa, kuma bai tsaya wuri ɗaya ba, ya canza a hanya. Aka iya ganin hawa da sauka, amma ainihin sifilin ya zama abin ƙiyasi.

Na'urorin iri huɗu ne, kowace da inda take gazawa.

Ta farko koyil ne kawai a kan sandar ƙarfe. Tauraron yana juyawa, koyil ɗin ya yanki maganaɗisu ya haifar da lantarki. Ita aka sa wa Pioneer 1, Explorer 6 da Pioneer 5 na 1960. Ba ta da matsalar sifili, amma ɓangaren da ke kwance a kan sandar juyawar tauraron ba ta ganinsa sam.

Ta biyu ta furoton ce, irin ta Vanguard 3 na Satumban 1959. Ruwa mai yawan haidurojin a cikin koyil. A saki lantarki mai ƙarfi na daƙiƙa biyu ya jera furoton ɗin, a yanke, sai su riƙa lilo a kan maganaɗisun wurin. Kowane nanotesla yana ba da zagaye 0.0426 a daƙiƙa. A 34,000 za ki ji 1,448, a ƙirga a raba, shi kenan, ba ta buƙatar gyaran sikeli. Amma a nanotesla 5 zagaye ɗaya sai ya ci kusan daƙiƙa biyar, siginar ta mutu kafin a ƙirga komai. Ta kusa da duniya ce, kuma tana shan batir.

Ta uku tururin rubidiyom ce da fitila. Rubidiyom-87 yana ba da zagaye kusan 7 a kowane nanotesla, don haka ko a 5 akwai 35 da za a ƙirga. Lalurarta zafi. A Explorer 10, hayaƙin da murfin roka ya fitar lokacin tashi ya shafe ƙwallon da take ciki, fentin ya koma shan rana, zafi ya kai wajen digiri 60, ta daina aiki yadda ya kamata tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Ta huɗu fulaksiget, ita ce mai nuna alkibla. Siririn ƙarfe mai saurin ƙoshi da maganaɗisu, ana kora shi gaba da baya da lantarki sau dubbai a daƙiƙa. In ba maganaɗisu a waje, ƙoshin ɓangarorin biyu daidai yake. In akwai, ɗaya ya riga ɗaya, sai sigina ta bayyana a ninki biyu na saurin korar, girmanta gwargwadon maganaɗisun. Aibinta sifilinta yana gocewa da zafi da tsufa, nanotesla ɗaya ko biyu, wanda a cikin 5 babbar ɓarna ce.

Malamar Kimiyya:
Bari in ƙara maganin, Injiniya. Ƙarfin ƙaramin maganaɗisu yana raguwa da nisa sau uku a jere: a ninka nisa biyu, ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Abin da ke ba da nanotesla 40 a rabin mita, a mita biyu 0.6 zai bayar. Shi ya sa ake miƙa na'urar a kan doguwar sanda, har Voyager ya kai mita 13 a 1977. Sannan a murɗe wayar kai da ta dawowa tare don su kashe juna, a gwada kowane ƙaramin sashe kafin a ɗaura shi, a wanke maganaɗisun da ya maƙale a jikin tauraron da koyil mai raguwar ƙarfi. Juyawar tauraron ma tana taimako: maganaɗisun waje yana fitowa yana hawa da sauka da kowane juyi, na jikin tauraron da gocewar sifili kuwa suna juyawa tare da na'urar, don haka a tsaye ake ganinsu, sai a cire. Wanda ke kan sandar juyawa ne wannan dabara ba ta kamawa, daga baya aka riƙa sa ɗan inji mai kifar da na'urar don a gwada fuska biyu.

IMP-1, wanda ake kira Explorer 18, shi ne aka gina da wannan tsafta tun daga zane. Norman Ness na cibiyar Goddard ne mai magnetomitocin, rubidiyom ɗaya da fulaksiget biyu, duk a kan sanduna. Ya tashi a ƙarshen Nuwamban 1963, yana kaiwa kilomita 197,000, kusan rabin-faɗi 31, yana dawowa duk kwana huɗu. Kowane zagaye yana ratsa iyakoki biyu. Ta ciki, inda maganaɗisun duniya ya ƙare, tana wajen rabin-faɗi 10 ta fuskar rana, wadda Explorer 12 ya riga ya ratsa a 1961. Ta waje, a 13 zuwa 14, ita ce inda iskar ke cin birki farat ɗaya domin gudunta ya fi na igiyoyin da za su kai mata labarin akwai shinge a gaba. Da hanyarsa ta karkata bayan duniya a 1964 sai ga jelar, layuka miƙaƙƙu, na arewa suna nufo duniya, na kudu suna barinta, da siririn faifai a tsakiya inda ƙarfin ya kusa sifili.

Ɗan Maraɗi:
Abin da ya fi burge ni a IMP-1 shi ne kusurwar. Rana tana juyawa, ƙafar layin maganaɗisu tana maƙale a jikinta, iskar tana jan kansa waje. A nisan duniya wannan juyi daidai yake da kilomita 430 a daƙiƙa a kaikaice. Iskar ma gudunta kusan haka ne, don haka Parker ya ce layin zai zo a karkace da digiri 45. Haka aka same shi. Ness da John Wilcox kuma suka ga cewa alkiblar tana zama kwanaki tana barin rana, sai ta kife tana nufar rana, yanki huɗu a kowane juyi na kwana 27: uku masu kashi biyu cikin bakwai, ɗaya mai kashi ɗaya cikin bakwai. Da sifilin na'urar ya goce da nanotesla uku, wannan tsari ba zai fito ba.

Ga ɗaliba kuma, ki lura iyakar nan ta rabin-faɗi 10 tana da taurin kai. Matsin maganaɗisu yana tafiya da nisa sau shida a jere, don haka in matsin iskar ya ninka biyu, kashi 11 cikin ɗari kawai iyakar ke matsowa. Kafin ta iso rabin-faɗi 6.6, inda taurarin talabijin suke, sai matsin ya ninka sau 12.

Bakanon Sabon Gari:
Malamai, tashar da Amurkawa suka yi a Kano a farkon shekarun 1960 tana cikin masu karɓar bayanan waɗannan taurari?

Dattijon Zaure:
A'a ɗana, waccan an gina ta ne don shirin Mercury, bin sawun kumbunan da ke ɗauke da mutane. Alaƙar ƙasar nan da wannan fanni ta wata hanya ce. Layin da allurar maganaɗisu ke kwanciya ɗaiɗai, ba ta duƙa arewa ko kudu ba, ya ratsa arewacin Najeriya wajen digiri 10 zuwa 11. A samansa, kilomita kamar 105, akwai kogin lantarki mai faɗin kilomita wajen 600 da ke gudu gabas da rana tsaka. A Huancayo ta Peru aka fara lura da shi, Sydney Chapman ya yi bayaninsa a 1951. Farfesa Cyril Onwumechili ya yi aiki a kansa daga Ibadan tun shekarar binciken duniya ta 1957 zuwa 1958, daga baya kuma ya yi amfani da bayanan taurarin POGO, wato OGO-2, OGO-4 da OGO-6 na 1965, 1967 da 1969. A ƙasa wannan lantarki yana ƙara wa maganaɗisu ƙarfi da tsakar rana, har fiye da nanotesla 100. Tauraron da ke samansa kuwa ragi yake gani, ɗan rami a jadawali daidai lokacin da ya tsallaka layin.

Ɗalibar Fiziks:
Baba, POGO ɗin ai ƙarfi kawai suke aunawa ba alkibla. Me ya sa ba a sa musu fulaksiget ba, tunda kusa da duniya maganaɗisun yana da yawa?

Injiniyan Lantarki:
Yawan nasa ne ya hana. Auna alkibla yana buƙatar a san inda na'urar ke kallo. A nanotesla 50,000, kuskuren digiri ɗaya tak yana zuba 870 a ɓangaren da ba nasa ba, alhali abin da ake nema bai wuce 10 ko 20 ba. Taurarin shekarun 1960 ba su san fuskarsu da wannan daidaito ba, sai aka tsaya ga ƙarfi zalla, wanda ba ruwansa da inda aka juya. Cosmos 49 na Sobiyet a 1964 ma haka ya yi da magnetomitar furoton. Illar ta fito daga baya. George Backus ya nuna a 1970 cewa ƙarfi kaɗai ba ya tsayar da taswira guda ɗaya. Taswirar za ta dace da ƙarfin da aka auna, amma ɓangaren da ke nuna ƙasa ya kauce sosai, kuma kaucewar ta fi muni a kusa da layin nan da Baba ya ambata, domin a can ɓangaren ƙasa kusan ba ya taɓa jimillar ƙarfin.

Magsat ne ya gyara, ranar 30 ga Oktoba 1979. Sanda mai mita 6, kyamarorin taurari biyu a jikin tauraron, da madubai masu auna yadda sandar ke lanƙwashewa tsakanin kyamara da na'ura. Burinsu sanin fuska cikin daƙiƙar kusurwa 20, wanda a 50,000 yake daidai da nanotesla 5.

Malamar Kimiyya:
Sai dai ga mai son kogin lantarkin da ke saman Zariya da Kaduna, Magsat bai biya buƙata ba. An ɗora shi a hanyar da ke bin asuba da magariba da gangan, don ya kauce wa lantarkin rana tsaka, kuma ya faɗo a Yunin 1980. In kina son awo mai alkibla da tsakar rana, ƙanwata, bayanan CHAMP na 2000 zuwa 2010 za ki nema, ko na taurarin Swarm uku da aka harba a Nuwamban 2013. Ki zaɓi ranakun da maganaɗisu ya natsu, ki ɗauki tsallakawar da ta faɗo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 1 na rana agogon wurin, ki cire taswirar babban maganaɗisun duniya da ta duwatsun ƙasa tukuna, sannan ki auna zurfin ramin.